Yadda ake cewa "ƙarya tsagwaronta" da Turanci ba tare da ka kwafsa ba

Abu na farko da za ka riƙe shi ne mu da Turawa ba wuri ɗaya muke ɗora nauyin ƙarya ba. Bahaushe idan yana so ya nuna girman ƙaryar da aka yi, aikatau yake canzawa: ya shirga ƙarya, ya tafka ta, ya sharara ta, ya gilla ta, ya kantara ta, kowacce da nata nauyin kuma da ka ji ka san mai maganar an kai shi wuya. Shi Bature aikatau ɗinsa kusan guda ɗaya ne kullum, wato "tell", ba ya motsa shi, sai dai ya je gaban kalmar "lie" ya liƙa mata wata sifa, to a nan duk zafin maganar yake. Shi ya sa in ka zauna kana neman Turancin "shirga" a ƙamus za ka kwana ba ka samu ba, domin ba a nan aka ajiye shi ba.

Kuma sifofin nan ba kowacce ake ɗauka a manna ba. Akwai waɗanda suka saba tafiya da "lie" akwai waɗanda ba su saba ba, ko da kuwa ƙamus ya nuna ma'anarsu ɗaya. Kamar tuwo da miya ne, babu wata doka da ta hana ka zuba miyar kuka a kan dafa-duka amma duk wanda ya gan ka ya san baƙo ne kai a gidan. Malaman Turanci suna kiran wannan zaman tare na kalmomi "collocation", kuma masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS su lura, a cikin ma'aunin da ake duba rubutu da shi an ambaci sunansa ƙarara a ɓangaren kalmomi, haka ma a WAEC da JAMB tambayoyin cike gurbi da yawa ba komai suke gwadawa ba sai wannan.

To mu fara da aikatau ɗin tunda shi ne mai sauƙi. "Tell a lie" ko "tell lies", ko kuma kawai ka ce "he lied". Banda "say a lie", banda "do a lie", banda "make a lie", duk waɗannan daga "yi ƙarya" da "faɗi ƙarya" namu suke fitowa. Inda "make" yake shiga shi ne "make up a story" ko "make up an excuse", wato mutum ya ƙirƙiro labari ko uzuri daga kansa. Sai ƙananan kalmomin da ke biyo baya, a nan ne mutane da yawa suke zamewa, saboda "ya yi min ƙarya" a Hausa tana ɗaukar ma'ana biyu, ko dai ni ya faɗa wa ƙaryar ko kuma a kaina ya yi ta a wajen wasu. Turanci ya raba su. In kai aka faɗa wa, "he lied to me". In a kanka aka yi, "he lied about me" ko "he told lies about me". Wannan "he lied against me" da muke ji a Najeriya kullum za a gane ka amma ba shi ne na yau da kullum a Ingila ko Amurka ba. Sannan maƙaryaci "liar" ake rubutawa da a, ba "lier" ba, kuma "lying" ba "lieing" ba, don Allah.

Yanzu kafin ka zaɓi sifa tambayi kanka, wai me ya fi ɓata maka rai game da ƙaryar nan? Amsar ita za ta zaɓa maka kalma.

In abin da ya dame ka shi ne ƙaryar a fili take ƙiri-ƙiri, kowa na gani, ko ƙoƙarin ɓoye ta ma ba a yi ba, to "blatant lie" kake nema. Ita ce ta fi kowacce yawo, tana shiga jarida tana shiga hira tana shiga rubutun jarrabawa, in guda ɗaya tak za ka haddace to ita ce. Farkonta ana furta shi "blei" ne ba "bla" ba. Wani mawaƙin Ingila Edmund Spenser ne ya ƙirƙiro kalmar a 1596 ya raɗa wa wani dodo mai harsuna barkatai da ke yaɗa ɓatanci, kuma har yau wannan hayaniyar tana jikinta, ƙarya ce mai ɗaga murya. Tana kuma tafiya da "hypocrisy" da "discrimination" da "disregard", kuma za ka iya juya ta ka ce "blatantly false" ko "he blatantly lied".

Tana da 'yan uwa biyu da ke rikita mutane, "flagrant" da "glaring". Dukkansu suna nufin abin da ya fito fili amma kowacce da abokan tafiyarta. "Flagrant" ta doka ce da ƙa'ida, "flagrant violation", "flagrant breach", "flagrant abuse of power", masu kallon ƙwallon kwando na NBA ma sun san "flagrant foul". Akan ce "flagrant lie" jefi-jefi amma ba can ne gidanta ba. Ita kuwa "glaring" ta kuskure ce, "glaring error", "glaring omission", "glaring inconsistency", kuma ba ta zargin mutum da ganganci, to in ka ce wa mutum akwai "glaring error" a rahotonsa ba ka kira shi maƙaryaci ba, ka dai ce kuskuren nasa ko makaho ya shafa ya ji. Wannan bambancin zai yi maka amfani a ofis, za mu zo wajen.

In kuma rashin kunyar ce ta fi tsaya maka a rai, mutum ya dube ka ido cikin ido ya sharara ta ko gezau, to a nan akwai kalmomi uku masu kama da juna da Turawa su kansu suke musu a kai: "barefaced lie", "bald-faced lie" da "bold-faced lie". Ta farko tsohuwar kalma ce kuma ita ta fi tashe a Birtaniya, asalinta fuskar da ba gemu ba takunkumi, wato mutum bai rufe fuska ba ya yi abinsa. Ta biyu Amurkawa suka fi amfani da ita, musamman a rubutun da edita ya duba. Ta uku mutane suna faɗinta sosai a baki, kuma ba sabuwar kalma ba ce, amma akwai masu gyaran Turanci da suke ganin kuskure ce, suna cewa ai "boldface" sunan rubutu mai kauri ne a kwamfuta. Shawarata a nan ba ta da wahala, in Turancin Ingila kake rubutawa kamar yadda makarantunmu suka koyar ɗauki "barefaced", in Amurkawa kake rubuta wa ɗauki "bald-faced", ita ta ukun ka gane ta in ka gani amma ba sai ka jawo wa kanka masu gyara ba. Kusa da su akwai "brazen lie" da "shameless lie", duk dai rashin kunya ne, sai dai "brazen" ta fi nuna tsaurin ido da ƙarfin hali.

A wannan layin ne kuma za ka samu maganganun da suka fi daɗi a baki. "He lied to my face", ya yi min ƙarya ina tsaye ina kallonsa. "She said it with a straight face", ta faɗa ko murmushi babu kamar da gaske. Sai babbarsu, "lie through one's teeth", wadda ita ce ta fi kusa da shirga ƙarya ɗinmu, kuma ka lura mallakar tana canzawa da mai yin ƙaryar, "he's lying through his teeth", "they lied through their teeth", ba "through the teeth" ba kuma ba "through his mouth" ba duk da cewa ta bakin take fitowa, haka dai suka gada. Wannan magana ce mai zafi fa, ba ta wasa ba ce, in ka faɗa wa mutum a gabansa to ka shirya rigima.

Akwai kuma lokacin da abin da kake son nunawa shi ne ƙarya ce zalla, ba ƙari aka yi wa gaskiya ba, ba rabi da rabi ba ce, babu ƙwayar gaskiya a ciki. Nan "outright lie" take aiki, kuma ina ganin ita ce mafi amfani ga mai rubutu da hankali domin tana zuwa ne a ƙarshen tsani, za ka ga an rubuta "exaggerations, half-truths and outright lies", wato daga zuzutawa zuwa rabin gaskiya zuwa tsagwaron ƙarya. Don haka kar ka kira abu "outright lie" in akwai ɗan gaskiya a cikinsa, abokin musunka zai kama wannan ɗan guntun ya kayar da kai. "Downright lie" kusan ɗaya suke amma ta fi nuna fushi da mamaki, kuma ta fi zama daidai a "downright dishonest". Amurkawa a hira sukan ce "flat-out lie" ko "straight-up lie", matasan TikTok kuma sun kawo "cap" da "no cap" daga Turancin baƙaƙen fatar Amurka, "that's cap" ƙarya ce kenan, waɗannan ka bar su a chat da abokai kar su kuskura su shiga takardar neman aiki.

Sauran masu ƙara ƙarfi kowanne da nasa: "complete fabrication" ko "total fabrication", "utter nonsense", "sheer hypocrisy", "gross exaggeration", "patently false", "demonstrably false". Abin da ba a faɗa shi ne "strong lie" ko "heavy lie" ko "hot lie". Shi "big lie" ana faɗa, yara ma suna cewa "big fat lie", amma ka yi hattara in ka sa masa "the" da manyan baƙaƙe, domin "the Big Lie" suna ne na dabarar farfaganda da ake dangantawa da zamanin Nazi a Jamus, kuma tun bayan zaɓen 2020 kafafen labarai da yawa a Amurka suke amfani da shi ga iƙirarin cewa an sace wa Donald Trump zaɓe. In ƙatuwar ƙarya kawai kake nufi cikin raha, "whopper" ce kalmar, "he told a whopper".

Idan kuma ba guda ɗaya ba ce, buhu guda aka juye maka, sai ka ce "a pack of lies". Ba "bag" ba, ba "bundle" ba. Wannan ita ce ta talaka ta yau da kullum. Mai ƙwalisa a cikinsu ita ce "a tissue of lies", wadda duk mai karanta jaridun Najeriya ya haddace ta saboda masu magana da yawun gwamnoni da ministoci ba sa gajiya da ita, kuma "tissue" ɗin nan ba takardar goge hanci ba ce, tsohuwar ma'anar saƙa ce, wato an saƙa ƙarya da ƙarya har ta zama zane. "A web of lies" ko "a web of deceit" kuwa tana nuna ƙarya ta haifi ƙarya har mai ita ya sarƙe a ciki, aikatau ɗinta "spin" ko "weave". Tunda mun taɓo 'yan sanarwar manema labarai, su ne kuma masu "a lie from the pit of hell" da "a figment of the writer's imagination" da "cock and bull story". Duk Turanci ne ba wanda ya ce ba shi ba ne, amma ta farkon ƙamshin mimbarin coci gare ta, ta ƙarshen kuma ta ɗan tsufa a can inda aka haife ta, in ka jera su uku a saƙo ɗaya Bature zai ɗauka wasan kwaikwayo kake.

To ga tarkunan da suka fi kama mutanenmu, kuma na farkon ya fi kowanne muni. "White lie" ba ƙarya ƙiri-ƙiri ba ce. Sau da yawa za ka ga wani a Facebook ya fusata ya rubuta "this is a white lie!" yana nufin ƙarya ce fara fat kowa na gani, alhali abin da ya faɗa shi ne ƙaramar ƙarya ce marar cutarwa da ake yi don kar a ɓata wa mutum rai, irin ka ci abinci gishiri ya yi yawa uwar gida ta tambaya ka ce kai ya yi daɗi. Wato yana so ya zafafa zargi sai ya wanke wanda yake zargi. 'Yar uwarta ita ce "fib", ƙaryar yara, sai "porkies" na 'yan Ingila wanda ya fito daga salon 'yan Landan na musanya kalma da mai amo irin nata, "pork pies" a madadin "lies", "he's telling porkies", duk na raha ne.

Tarko na biyu, "he's a terrible liar" ko "a bad liar" galibi ba ya nufin mugun maƙaryaci, yana nufin bai iya ƙarya ba, da ya fara fuskarsa take tona shi, kusan yabo ne ma. In kana nufin wanda ƙarya ta zame masa jiki to "compulsive liar" ko "habitual liar" ko "pathological liar", ta ƙarshen tana nuna abin ya zama kamar ciwo, yana yi ko ba riba. Wanda ya ƙware kuma "accomplished liar". Marubucin New York Times William Safire ya taɓa kiran Hillary Clinton "congenital liar" a Janairun 1996, wato da ita aka haife ta, kuma ƙurar da wannan ta tayar a lokacin ta isa ta nuna maka irin nauyin kalmar.

Na uku shi ne "it's a lie!" da muke yi in an ba mu labari mai ban mamaki. Abokinka ya ce ya samu biza ka ce kai ƙarya ne, shi ya san murna kake taya shi. Ka faɗa wa abokin aikinka ɗan Ingila haka sai ka ga fuskarsa ta canza yana neman ya nuna maka shaida a waya. A nan "no way!" ake cewa ko "you're kidding!" ko "you're joking!".

Akwai kuma rikicin "deny" da "refute" da "debunk" wanda jaridunmu suka cakuɗa. "Deny" musantawa ce kawai, ko da hujja ko babu, kuma abokan tafiyarta "flatly deny", "categorically deny", "vehemently deny", wato ya musanta ƙememe. "Refute" da "debunk" a wajen masu kula suna nufin an kawo hujja an rusa maganar. To in ka rubuta cewa kwamishina ya "debunk" zargi alhali cewa kawai ya yi ba haka ba ne, ka yanke hukunci ka ba shi gaskiya ba ka sani ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci a ganina, sanin inda ake faɗin waɗannan kalmomi da inda ba a faɗa. Kalmar "lie" a Turanci tana ɗauke da zargin niyya, wato mutum ya san gaskiya ya take ta da gangan, shi ya sa akwai wuraren da aka hana ta gaba ɗaya. A majalisar wakilan Birtaniya ba a yarda ɗan majalisa ya kira wani maƙaryaci ba a muhawarar yau da kullum. Ranar 22 ga Yulin 2021 Dawn Butler ta jam'iyyar Labour ta miƙe ta ce Firaminista Boris Johnson ya yi ta yi wa majalisa da ƙasa ƙarya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, Judith Cummins da ke kan kujerar shugabanci a ranar ta nemi ta janye maganar, ta sake nema, Butler ta ce ita fa ba za ta janye ba, sai aka umarce ta ta bar zauren har ƙarshen zaman ranar, ta fice. Abin lura shi ne da kwamitin majalisar ya fitar da rahotonsa kan Johnson a Yunin 2023 game da shagulgulan lokacin kullen korona, kalmomin da ya zaɓa su ne "deliberately misled", ya ɓatar da majalisa da gangan. Ma'ana ɗaya ce, riga ce daban. A Amurka ma da Joe Wilson ɗan majalisa daga South Carolina ya daka wa Barack Obama tsawa da "You lie!" yana tsakiyar jawabi ranar 9 ga Satumban 2009, sai da ya nemi afuwa kuma majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar tsawatar masa.

Irin wannan hanin yana cikin abin da ya haifar da kalmomin kewaye-kewaye waɗanda ya kamata ka gane su in ka ji. Winston Churchill ya yi amfani da "terminological inexactitude" a majalisa a 1906, daga baya ta zama hanyar cewa ƙarya cikin barkwanci. Wadda ta fi shahara ita ce "economical with the truth", tsumulmular gaskiya, wadda ta bazu bayan sakataren majalisar ministocin Birtaniya Robert Armstrong ya faɗe ta a wata kotu a Sydney a 1986, a shari'ar da gwamnatinsa ta kai don hana buga littafin wani tsohon jami'in leƙen asiri, kuma lauyan da ya matse shi da tambayoyi Malcolm Turnbull ne wanda daga baya ya zama Firaministan Ostireliya. Yau in Bature ya ce maka wane "was economical with the truth" to maƙaryaci ya kira shi cikin ladabi. Shi kuma wanda aka kama yakan ce "I misspoke", baki ne ya suɓuce, kamar yadda Hillary Clinton ta ce a 2008 kan labarin da ta bayar na sauka a Bosniya ana harbi. Sai "alternative facts" na Kellyanne Conway, mai ba Trump shawara a lokacin, ranar 22 ga Janairun 2017 a tashar NBC kan yawan mutanen da suka halarci rantsar da Trump, inda mai gabatarwa Chuck Todd ya mayar mata cewa waɗannan ba gaskiya ba ne, "falsehoods" ne.

Riƙe wannan "falsehood" ɗin, ita da "false claim" da "misleading statement" su ne kayan aikin 'yan jarida, saboda suna cewa maganar ba gaskiya ba ce ba tare da sun ce sun shiga zuciyar mai ita ba. Jaridar Washington Post da ta ƙirga maganganun Trump marasa gaskiya na shekara 4 na mulkinsa na farko ta samu 30,573, ba ta kira su "lies" ba, "false or misleading claims" ta ce. PolitiFact, kafar tantance gaskiyar maganganu da aka kafa a Amurka a 2007, ita ma ma'auninta daga "True" yake sauka zuwa "False", sai matakin ƙarshe "Pants on Fire" wanda aka ɗauko daga tsokanar yara ta "liar, liar, pants on fire", kuma "pants" ɗin nan wando ne a Amurka, a Ingila kuwa kamfai ne, a kiyaye.

Bari mu gwada da abin da zai iya samun kowa. Ka sayi waya ta intanet an rubuta sabuwa ce fil, ta iso ka ga gefen caja duk ya goge batir kuma ba ya kai azahar. Saƙonka na farko ga mai sayarwa ko kamfanin kar ka fara da "liar", ka fara da kayan: "The listing was misleading. The phone was described as new, but it has clearly been used." Ya dawo ya ce ai shi bai taɓa cewa sabuwa ba ce, kai kuma kana da hoton tallar a wayarka, sai ka hau mataki ɗaya: "That's simply not true. I've attached a screenshot." Wannan "simply not true" ɗin ta fi ƙarfin yadda take a ido, a bakin ɗan Ingila kusan ƙarshen magana ce. Sai in ya ƙara da cewa kai ne ka lalata ta kuma kana da bidiyon buɗe kwalin, to a nan ne "that is an outright lie" ta halatta, kuma za ta yi nauyi ne saboda ba ka ɓarar da ita tun farko ba. In kuɗin ne ya yi yawa ba ƙarya aka yi maka ba wannan "rip-off" ne, ko "daylight robbery" a Ingila, "highway robbery" a Amurka.

A ofis kuwa da oga ko abokin aiki ko da ka tabbata ya shirga ta, abin da ake rubutawa shi ne "that doesn't match my records" ko "that's not my recollection" ko "there seems to be a discrepancy", kowa ya gane abin da kake nufi kuma ba wanda zai kai ƙararka wajen HR, wato sashen kula da ma'aikata. Haka a soshiyal midiya, kafin ka rubuta sunan mutum ka liƙa masa "blatant liar" ka tuna akwai dokar ɓata suna, kuma a Najeriya an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kan abin da suka wallafa. "This claim is false, and here is why" ta fi tsaro kuma ta fi gamsar da mai karatu.

Saura yadda za ka riƙa duba wa kanka in ka yi shakkar wata haɗuwar kalmomi, don ba kullum za ka samu mai tambaya ba. Ƙamus na Longman da ke intanet kyauta ne, ka buga "lie" ka gangara ƙasa za ka ga akwatin kalmomin da suke tafiya da ita, akwai kuma Oxford Collocations Dictionary wanda aikinsa kenan kacokan. In kana so ka gani da idonka shiga Google Books Ngram Viewer, ka rubuta "barefaced lie, bald-faced lie, blatant lie" da waƙafi a tsakani, zai zana maka layin kowacce cikin littattafai shekara da shekaru, sannan ka canza daga British English zuwa American English ka ga yadda layukan suke sauya wuri. In ka saka alamar tauraro a gaban kalma, misali "a * lie", zai jero maka kalmomi 10 da suka fi yawan shiga wannan gurbin. Shi binciken Google na yau da kullum ka yi hankali da shi, ko ka sa kalmomin cikin alamar zance zai kawo maka dubban shafuka na waɗanda su ma kuskuren suka yi, don haka kar ka dubi yawan sakamakon, ka dubi su wa suka rubuta, in ka ga BBC da Guardian da Reuters a ciki ɗauka, in duk kwament ne na Facebook to ka koma Longman.